Ƙanƙarar Ƙarshen Duniya da Daminar Zariya: Tambayoyi da Amsoshi

Duk ranar da rediyo ya ce wani tsaunin ƙanƙara ya ɓalle a Antatika, ko zafi ya kai inda bai taɓa kaiwa ba a Saberiya, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa. Ɗalibai na yi mini su a aji a Samaru, ana yi mini su a majalisa bayan la'asar, manoman Bomo da Shika ma sun sha tare ni da su a bakin gona. Na tattaro waɗanda suka fi maimaituwa, na faro daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi. Kowace amsa na tsaye da ƙafarta, amma inda wata ta jingina da wata, na nuna.

Ina ne ake nufi da ƙarshen duniya? Arewa da kudu duk ɗaya ne?

Duniya na juyawa ne kamar katantanwar da yara ke murzawa a ƙasa. Samanta da gindinta, inda juyin ya tsaya wuri ɗaya, su ne ƙuryar arewa da ƙuryar kudu. Ba ɗaya suke ba, kishiyoyin juna ne ma. Arewa, wato Aktik, teku ne da tudu ya kewaye: Rasha, Kanada, Alaska ta Amurka, Norwe da tsibirin Girinlan. In ka tsaya a tsakiyarsa, ƙanƙarar da ka taka kaurinta bai wuce mita biyu zuwa uku ba, a ƙarƙashinta kuwa ruwa ne mai zurfin kusan kilomita 4.

Kudu kuma, wato Antatika, tudu ne da teku ya kewaye. Nahiya ce mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 14, ta ninka Najeriya sau 15. Ƙanƙarar da ta danne ta tana da kaurin kusan kilomita 2, a wasu wuraren ta haura 4. A can ne, a tashar Rashawa ta Bostok, aka auna sanyin digiri 89.2 ƙasa da sifiri ranar 21 ga Yulin 1983.

Da gaske ne rana kan yi wata shida ba ta faɗi ba?

Gaskiya ne, amma a tsakiyar ƙuryar kawai. Duniya a karkace take da kimanin digiri 23 da rabi, shi ya sa kowace ƙurya kan fuskanci rana rabin shekara, ta juya mata baya rabin shekara. Da ka matso, kwanakin sai su ragu. A birnin Turomso na Norwe rana kan yi kamar wata biyu ba ta faɗi ba, ta kuma yi kusan haka ba ta fito ba, har Musulmin can da yawansu kan bi lokutan Makka a irin waɗannan kwanaki. Mu a Zariya, tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba.

Mu da ba mu taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, ina ruwanmu da narkewarta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a wurina, domin amsarta na cikin rumbunanmu. Damina ba daga saman Kufena take tasowa ba. Iskoki biyu ne ke karo a kanmu: busasshiyar iskar da ke gangarowa daga Sahara, da mai laima da ke tasowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Inda suka haɗu, daga bayansa ta kudu, nan hadari ke haɗuwa. Wannan mahaɗa na hawa arewa daga bazara, ta wuce mu wajen Mayu, ta kai can cikin Nijar a watan Agusta lokacin da muke cikin malka, sannan ta juyo a Oktoba. Tafiyarta da dawowarta ne ke ba Zariya kimanin milimita 1,000 na ruwa a shekara.

Abin da bincike ya tabbatar shi ne, wannan ɗamarar ruwan sama tana karkata ne zuwa rabin duniyar da ya fi ɗumi. In arewacin duniya ya ɗumama fiye da kudanci, sai ta ƙara hawowa wajenmu. In arewa ta huce, sai ta noƙe ta tsaya kudu, ƙasar Hausa ta bushe. Su wa ke riƙe da ma'aunin ɗumin rabin nan biyu? Ƙanƙara da tekunan ƙuryoyin nan na cikin manya. Saboda haka mai auna ƙanƙara a Girinlan da mai auna ruwan sama a Samaru aiki ɗaya suke yi, ko da ba su san juna ba. Amsoshin da ke ƙasa kan igiyar Atlantika da kan farin 1973 sun buɗe wannan magana sosai.

In ƙanƙara ta narke, dole ne teku ya cika?

Ya danganta da inda take zaune. Gwada da kanka. Sayo ƙanƙara a wurin masu sayarwa a Tudun Wada, irin wadda ake rububi da azumi. Fasa guntu ka jefa a kofin gilashi mai ruwa, ka sa alama daidai inda ruwan ya tsaya. Bar ta ta narke tas. Za ka tarar ruwan bai wuce alamar ba, domin tun tana yawo ta riga ta ture ruwa daidai nauyinta. Yanzu ɗora wani guntun a kan rariya bisa bakin kofin. Yana ɗiga, ruwan na hawa.

Guntun farko shi ne ƙanƙarar teku, wadda ruwan tekun kansa ne ya daskare. Na biyu shi ne ƙanƙarar tudu, dusar da ta taru shekaru dubbai a kan Girinlan da Antatika da manyan duwatsu. Ita ce ke cika teku. Da ta Girinlan za ta narke duka, teku zai hau mita 7, ta Antatika kuwa kusan mita 58. Akwai kuma dalili na uku da ba a cika faɗa ba: ruwa in ya ɗumama kumbura yake yi. Daga 1901 zuwa 2018 teku ya hau kimanin santimita 20. Abin lura shi ne saurin: milimita 1.3 a shekara kafin 1971, amma 3.7 a shekara tsakanin 2006 da 2018.

Wa ya je ya auna har aka san tana raguwa?

Tun 1979 taurarin ɗan'adam ke leƙa ƙanƙarar teku ba fashi, da na'urorin da girgije ko duhu ba ya tare musu gani. A arewa ƙanƙarar kan kai ƙarshen raguwarta a watan Satumba. A shekarun 1980 abin da kan rage ya kai kimanin murabba'in kilomita miliyan 7. A Satumban 2012 miliyan 3.4 kawai ya rage. In aka bi layin shekarun, ana asarar kamar kashi 12 cikin 100 duk shekara goma. A kudu labarin ya ɗan bambanta: ta yi ta ƙaruwa kaɗan-kaɗan har 2014, sai ta rufto daga 2016, a Fabrairun 2023 ta sauka zuwa miliyan 1.79.

Ƙanƙarar tudu kuwa awo ake yi mata, kamar buhu a kan sikeli, kuma dabarar na burge ni har gobe. A 2002 Amurka da Jamus suka harba tagwayen taurari masu suna GRACE, ɗaya na bin ɗaya da tazarar kimanin kilomita 220. In na gaba ya zo kan abu mai nauyi, nauyin kan fizge shi ya ɗan yi wa ɗan'uwansa nisa. Daga wannan ɗan sauyin tazara, wanda ake iya aunawa ko da bai kai kaurin silin gashi ba, ake lissafa nauyin abin da ke ƙasa. Da haka aka gano Girinlan na zubar da kusan tan biliyan 270 a shekara, Antatika kuma kusan biliyan 150.

Me ya sa arewa ta fi ko'ina saurin ɗumama?

Duk wanda ya taɓa tafiya daga Kwangila zuwa PZ da tsakar ranar Afrilu cikin baƙar riga ya san amsar a jikinsa. Fari na mayar da hasken rana, baƙi na shanye shi. Sabuwar dusar ƙanƙara na mayar da sama da kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta, buɗaɗɗen teku kuwa na shanye sama da kashi 90. Ƙanƙara ta narke, baƙin ruwa ya bayyana, ya sha zafi, ya ƙara narkar da ta kusa da shi. Masanan Finlan sun nuna a 2022 cewa tun 1979 Aktik na ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya. A Yunin 2020 garin Barkoyansk na Saberiya ya kai digiri 38, zafin bazarar Zariya ke nan a wurin da aka sani da kisan sanyi.

Akwai kuma daskararriyar ƙasa ta Saberiya da Kanada da Alaska, wadda ta binne saiwoyi da ganyaye tun zamanin da. Kabon ɗin da ke cikinta ya kusa ninka wanda ke sararin sama sau biyu. In ta saki, abin da ke ciki sai ya fara ruɓa kamar juji da damina, yana fitar da iskar kabon da ta mitan, iskokin da ke riƙe zafi a sararin sama.

Me ake nema a ramukan da ake haƙawa cikin ƙanƙara?

Tarihi. Mai haƙar rijiya ya san yadda yake ratsa baƙar ƙasa, ya shiga ja, ya tarar da marmara, kowace da zamaninta. Haka ƙanƙarar Antatika take, sai dai ita kusan kowace shekara da shimfiɗarta, domin dusar bana na sauka ne a kan ta bara ba tare da ta narke ba. Masu bincike na zura bututu mai haƙora su zaro sandar ƙanƙara mai kaurin taɓarya, gaɓa bayan gaɓa, su jera a akwatuna, su kai ɗakin gwaji ba tare da ta yi gumi ba.

In ka ɗaga gaɓa ɗaya a haske, za ka ga ƙananan ƙwayoyi birjik a ciki. Iska ce. Lokacin da dusar ke dannuwa tana zama ƙanƙara, ta rufe iskar wannan zamanin a cikinta, ba ta sake fita ba. Ba kintace ake yi ba ke nan, ainihin iskar da ta kaɗa shekara dubu ɗari da suka wuce ake fasawa a auna. Ruwan ƙanƙarar kansa na nuna yadda sanyin lokacin yake. Akwai ƙurar hamada a ciki, akwai alamar aman dutsen Tambora na 1815, a ta Girinlan har dalmar da Rumawa suka narka an gani.

A Bostok an kai zurfin mita 3,623 a 1998, aka karanta shekara 420,000. Turawan Yurof a wurin da ake kira Dom Si sun kai shekara 800,000, a Janairun 2025 kuma suka ba da sanarwar zaro ƙanƙarar da ta kai shekara miliyan 1.2. Cikin shekara 800,000 ɗin nan, sau takwas duniya na shiga zamanin ƙanƙara tana fita, kuma iskar kabon ba ta taɓa wuce 300 cikin miliyan ba, ba ta kuma sauka ƙasa da kimanin 180 ba. Kafin zamanin masana'antu tana 280. Da Charles Keeling ya fara aunawa a dutsen Mauna Lowa na Hawayi a 1958, ya samu 315. Yau ta haura 420.

Ai yanayi ya saba canzawa tun fil azal. Don me za a ɗora wa ɗan'adam?

Ya saba, kuma shaidar na ƙasarmu. A 1987 wani Bafulatani na haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon mita 8 wanda ya kai shekara 8,000. A wancan zamani Sahara kore ce, Tafkin Chadi kuma ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000. In aka ƙara komawa baya zuwa shekara 21,000, lokacin da ƙanƙara ta rufe Kanada da arewacin Turai, teku ya yi ƙasa da mita 120, hamada ta gangaro har ƙasar Hausa. Tsofaffin jigayin yashin da ake nomawa a Jigawa da Yobe ragowarta ne. Ka ga dokar da na faɗa a amsa ta uku: arewa ta daskare, mu muka bushe.

Waɗancan sauye-sauye sun faro ne daga 'yar karkata da gewayen duniya ke yi cikin dubban shekaru. Na yanzu ya bambanta ta wajen sauri da kuma sawun da ya bari. A ƙarshen zamanin ƙanƙara iskar kabon ta ƙaru da kamar 80 cikin miliyan, amma sai da ta ɗauki shekaru dubbai. Mu mun ƙara sama da 100 daga 1958 zuwa yau, cikin rayuwar mutum guda. Sinadarin kabon ɗin da ya ƙaru ya nuna daga kwal da fetur da gas ya fito. Ƙarfin rana ana auna shi daga sama tun 1978, bai ƙaru ba. Kuma da rana ce, sama da ƙasa duk za su ɗumama, amma can ƙololuwar sararin sama hucewa take yi, iskar da ke kusa da mu ce ke zafi, kamar an lulluɓa bargo. Nahiyar Afirka duka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi ba, kuma wannan rashin adalci ne da ya kamata a riƙa faɗa a fili.

Ruwa ai na Allah ne. Wannan bincike ba shisshigi ba ne?

Wani dattijo ne ya fara yi mini ita a gonarsa. Na ce, Baba, ruwa na Allah ne, babu mai ja. Amma ku da kanku kuna duba hadarin gabas, kuna lura da zuwan shamuwa, kuna tona ƙasa ku ga ko jiƙar ta kai a yi shuka. Masu binciken nan abin da suke yi ke nan, sai dai idonsu ya fi nisa. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya san fari na tafe, tanadi ya sa aka yi.

Ina duk zafin yake tafiya, tunda iska ba ta yi zafin da ya kai haka ba?

Teku ke shanyewa. Kimanin kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da ya maƙale a duniya cikin ruwa yake shiga, haka ma kusan rubu'in iskar kabon da muke fitarwa. Babban mai ɗaukar wannan kaya shi ne tekun da ya kewaye Antatika, inda iska ke kora ruwa zagaye da nahiyar ba tudun da ya tare shi. Ruwan da ke gudana a wannan zagaye ya ninka na dukan kogunan duniya fiye da sau 100. Shi kaɗai ke karɓar kusan kashi 40 cikin 100 na kabon ɗin ɗan'adam da tekuna ke sha. Ladan wannan aiki kuwa tsami ne: ruwan na ƙara tsami, ƙananan halittu masu ɓawo na shan wuya wajen gina ɓawonsu.

Ana auna shi da wasu na'urori masu kama da tukunyar gas doguwa, ana kiran su Argo, kusan 4,000 ne warwatse a tekuna. Kowace kan nutse zuwa mita 2,000, ta taso duk kwana goma tana auna zafi da gishiri, ta aika wa tauraro, ta koma. Inda ƙanƙara ta hana, sai a liƙa 'yar na'ura a kan wasu dabbobin teku masu siffar ayu, su shiga ƙarƙashi neman abincinsu, su dawo da awo.

Mene ne igiyar Atlantika da ake cewa za ta tsaya?

Ruwa ne mai ɗumi da gishiri ke tafiya ta saman teku daga kudu zuwa arewa. In ya isa wajen Girinlan da Norwe sai ya saki zafinsa, ya yi sanyi, ya yi nauyi, ya nutse, ya juyo kudu ta can ƙasa. Nutsewar nan ce ke jawo na bayansa. Wannan jigila ce ke sa arewacin duniya ya ɗara kudanci ɗumi, ita ce kuma ke taimaka wa ɗamarar ruwan sama ta zauna ta wajenmu. Matsalar ita ce ruwan da ke narkowa daga Girinlan ba shi da gishiri, ba shi da nauyi, kwanciya yake yi a sama kamar mai a kan miya, yana rage nutsewar.

Ya taɓa faruwa. Kimanin shekara 12,900 da suka wuce igiyar ta yi rauni, Turai ta koma cikin sanyi sama da shekara dubu, tafkunan Afirka ta Yamma suka ja baya. Tun 2004 aka jera na'urori a faɗin Atlantika, daga wajen Fulorida zuwa gaɓar Maroko, suna sa mata ido. Rahoton kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ce raunin igiyar cikin wannan ƙarni abu ne mai matuƙar yiwuwa, tsayawarta kwatsam kafin 2100 kuwa ba ita aka fi zato ba, amma in ta faru ruwan Afirka ta Yamma zai ja kudu. Wani binciken masanan Faransa na 2017 ya lissafa cewa narkewar Girinlan da sauri za ta rage filin da gero da dawa za su iya yi a Sahel ƙwarai. A ganina, a duk fagen nan babu labarin da ya kamata ɗan Arewa ya fi bibiya kamar wannan.

Farin 1973 da na 1984, ƙanƙara ce ta jawo su?

Ba narkewar ƙanƙara ba ce, amma ta ƙofa ɗaya suka shigo. Da farko an ɗora laifin a kan makiyaya da masu saran itace. A 1986 masanan Birtaniya suka nuna cewa shekarun farin Sahel sun zo daidai da lokacin da tekunan arewa suka huce, na kudu suka ɗumama. Daga baya aka gano hayaƙin farar wuta daga masana'antun Turai da Amurka na da hannu, domin ya tare hasken rana ya sanyaya arewacin Atlantika. Ruwa ya noƙe kudu, shanu suka mutu, Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya koma kamar ushirinsa. Iyayenmu da suka ga waɗannan shekaru sun riga sun ɗanɗani abin da amsar da ta gabata ke gargaɗi a kai.

To a Zariya, damina ƙaruwa za ta yi ko raguwa?

Yawancin lissafin kwamfuta na nuna tsakiya da gabashin Sahel, ɓangarenmu ke nan, za su samu ƙarin ruwa muddin igiyar Atlantika ba ta durƙushe ba, yamma wajen Senegal kuwa ragi. Amma yawan ruwa daban, amfaninsa daban. Duk ƙarin digiri ɗaya na sa iska ta riƙe ƙarin laima kashi 7 cikin 100, sai ta juye shi lokaci guda. Wani bincike na 2017 ya gano manyan hadarurruka masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Ambaliyar 2022 ta ci rayuka sama da 600 a Najeriya, a Satumban 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangaren Maiduguri. Ruwan da ya sauka cikin awa biyu ya kwashe taki ya bi Kubanni da Galma, sannan a yi kwana goma sha ba ɗigo, masara na tsaka da fitar da goyo: wannan ne abin tsoron, ba jimillar shekara ba.

Ga zafi kuma, wanda shi babu ja-in-ja a kansa. Shekarar 2024 ce mafi zafi tun da aka fara rubutawa, kimanin digiri 1.55 sama da zamanin kafin masana'antu. Shawarata ga manomi ita ce ya nemi hasashen damina da hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa farkon kowace shekara, kada ya zuba iri duka a ruwan farko, ya kuma tambayi malaman gona irin masara da dawa da wake masu saurin nuna da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar.

Hunturu da hazo daga ƙuryar arewa suke zuwa?

A'a. Iskar hunturu daga Sahara take, ƙurar kuma mafi yawanta daga kwarin Bodele a Chadi, busasshen gindin tsohon tafkin nan da na ambata a amsar kwalekwalen Dufuna. Sanyin asuba na zuwa ne domin busasshiyar iska ba ta riƙe zafin yini. Sai dai wani lokaci sanyin Turai kan tsallako Bahar Rum ya ƙara mata ƙarfi, a kwana biyu hazo ya rufe gari.

Hujin ozon shi ne ɗumamar yanayi?

Cuta biyu ce daban. Ozon rufi ne can sama da ke tare hasken rana mai ƙona fata. A 1985 masanan Birtaniya uku, Farman da Gardiner da Shanklin, suka bayyana daga awon tasharsu ta Hali a Antatika cewa rufin na zaizayewa duk Oktoba. Gas ɗin tsofaffin firji da na gwangwanin feshi ne sanadi. Cikin shekara biyu, a 1987, aka ƙulla yarjejeniyar Montiriyal ta hana su, Najeriya ma ta shiga, shi ya sa masu gyaran firji a Sabon Gari suka sauya gas. Ana sa ran hujin zai rufe wajen 2066. Mutum uku da na'ura ɗaya a cikin sanyi suka sa duniya ta canza hanya, kuma saboda sun yi shekaru kusan talatin suna awo ba fashi ne aka yarda da su.

Teku zai iso Zariya?

Ba zai iso ba, muna sama da shi da fiye da mita 600. Mutanen bakinsa ne za su iso. Garin Ayetoro na Jihar Ondo tuni teku ya cinye babban ɓangarensa, Legas da Neja Delta kuma a ƙasa-ƙasa suke. Wurin da masana suka fi zuba wa ido shi ne kogin ƙanƙara na Tuwaits a yammacin Antatika, mai girman Birtaniya. Gindinsa na zaune ƙasa da bakin teku, ruwa mai ɗumi na shiga ta ƙarƙashi yana cin sa kamar yadda zaizaya ke cin gindin katangar ƙasa. Shi kaɗai na ɗauke da ƙanƙarar da za ta ɗaga teku da santimita 65. Dubi gwajin kofi da rariya a sama don ganin dalilin da ya sa irin wannan ƙanƙara ce abin damuwa.

Yaya masu binciken ke zama a can?

Da haƙuri. A Satumban 2019 jirgin ruwan Jamus mai suna Polarstern ya tashi daga Turomso, ya je ya bari ƙanƙarar Aktik ta daskare da shi da gangan, ta yi ta jan sa inda ta ga dama, sai Oktoban 2020 ya koma gida. Ɗaruruwan masana daga ƙasashe 20 suka yi ta karɓa-karɓa. Watanni suna aiki da fitilar goshi, da masu gadi saboda wasu manyan fararen dabbobin dawa na kan ƙanƙarar masu cin mutum. Dabarar ta Nansen ce ɗan Norwe, wanda ya fara ta a 1893. A Antatika kuwa yarjejeniyar 1959 ta keɓe nahiyar ga bincike da zaman lafiya, ba sansanin yaƙi.

Ɗalibi a Zariya zai iya shiga wannan fage?

Ƙwarai. Daga Afirka, ƙasar Afirka ta Kudu ce ke da tasha a Antatika, da jirgin ruwanta Agulhas na biyu da ke tashi daga Kef Tawun. Amma mafi yawan aikin ba a kan ƙanƙara ake yin sa ba, a gaban kwamfuta ne. Awon ƙanƙarar teku tun 1979 da na Argo duk kyauta suke a intanet. Wanda ya riƙe lissafi da fizis, ya koyi rubuta umarnin kwamfuta, ko a sashen labarin ƙasa yake ko na albarkatun ruwa a Jami'ar Ahmadu Bello, zai iya ɗora zafin arewacin Atlantika a kan tarihin ruwan Samaru ya ga yadda suke tafiya tare.

Inda aka fi buƙatar mu ma shi ne gida. Tashoshin auna yanayi a Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na abin da hukumar yanayi ta duniya ta ce ya kamata a samu ba, kuma lissafin kwamfuta ba ya gyaruwa sai da awon ƙasa da za a gwada shi da shi. Ma'aunin ruwan sama mazurari ne da kwalba, a kafa shi a fili nesa da bishiya da indararo. Kowace safiya a lokaci ɗaya ka juye abin da ya taru cikin gilashin awo, ka durƙusa idonka ya yi daidai da bakin ruwan, ka rubuta milimita da kwanan wata. Ranar da ba a yi ruwa ba, ka rubuta sifiri, kada ka bar gurbin fayau. Makarantar sakandare a Giwa ko Soba ko Maƙarfi za ta iya fara wannan da damina mai zuwa.